Yaya ake shirya wa 'yan sikawut sansanin mako guda a tsakiyar damina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata makarantar sakandare, an ɗora mini kula da rundunar sikawut ɗinmu. Muna da yara 32 'yan shekara 11 zuwa 15, da manya 6. Muna son fita sansani na mako guda a dogon hutu, cikin Agusta, kuma ba mu taɓa yi ba. Me za mu fi mayar da hankali a kai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri a kan wannan ɗawainiya. Masu fita karon farko sukan ƙarar da ƙarfinsu wajen tsara fareti da wasanni da zaman gefen wuta, alhali abin da ke tayar da sansani tun kafin kwanakinsa su cika shi ne mugun wuri, da ƙarancin ruwa, da gudawa. Daga nan za ka fara.

Ka je ka ga wurin da idonka, kuma ka zaɓi ranar da aka kwana ana ruwa, don a ranar ce ƙasa ke faɗin gaskiya. Fili mai kyau da rani yana iya zama tafki a Agusta. Ka nemi tudu mai ɗan gangare da ƙasa mai jigawa. Ka guji fadama da kwari da busasshen rafi, don ruwan da aka yi a wani gari can nesa yana iya saukowa cikinsa da tsakar dare. Kada ku kafa a kan burtali ko a jikin gonar mutane. Ka gaida mai unguwa ko dagaci, ka sanar da 'yan sanda da shugabannin sikawut na jiha, ka saurari shawararsu a kan tsaro. In suka ce wurin bai yi ba, harabar wata makarantar kwana mai katanga ta wadatar, ba abin da zai ragu a horon. Mota ta kwana a sansanin kullum da mai a cikinta, kuma direban ya riga ya san hanyar asibiti mafi kusa.

Hadarinmu yawanci daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, saboda haka ƙofar tanti ta dubi yamma. A buga turaku a karkace, kansu na kallon waje, don wanda aka buga a miƙe iska ɗaya ke zare shi. Igiyar rama tana takurewa in ta jiƙe, har ta tumɓuke turke ko ta yaga tamfol, sai a ɗan sassauta ta kafin a kwanta. A haƙa 'yar magudana ta gefen tudu, a shimfiɗa leda a ƙarƙashin tabarmi, kuma kada jaka ko kan yaro ya jingina da jikin tamfol, ta nan yoyo ke farawa.

Lissafin ruwa kuwa ba a yin sa da ka. Mafi ƙaranci lita 15 ne ga mutum ɗaya a yini, na sha da girki da wanka da wanke-wanke. Ku 38 ke nan lita 570, wato jarka 23 mai lita 25 kowace rana, kuma da alwala da wankin kaya za ku wuce haka. A ware jarkokin sha a yi musu alama. Ruwan rijiya ko na rafi a bar shi ya kwanta, a tace da tsumma mai tsabta, sannan a tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓararraka, ko a sa sinadarin kulorin bisa awon da ke jikin kwalbarsa a jira minti 30. Tsoma kofi a cikin randa shi ke mayar da wannan wahalar banza, don haka a tsiyaya kawai.

A haƙa masai a ranar isowa kafin a ɗora tukunya: rami mai faɗin santimita 30 da zurfin kusan mita 1, ta ƙasan gangare, nesa da rijiya da aƙalla mita 30, kuma nesa da madafa. Ƙa'ida ita ce rami ɗaya ga mutum 20, amma ku yi uku, ɗaya na manya. A ajiye tarin ƙasa da toka da shebur, duk wanda ya shiga ya rufe, ga buta da sabulu a bakin ƙofa. In gudawa ta kama yaro, a dama ƙunshin ORS, wato haɗaɗɗen garin gishiri da sukari na masu gudawa, a lita 1 na tsabtataccen ruwa. In babu, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ɗin. Da an ga jini a bayan gida, ko amai ya ƙi tsayawa, ko yara da yawa sun kamu a yini ɗaya, sai asibiti. Abinci a dafa daidai ci: giram 150 na ɗanyar shinkafa ga kowa, kusan kilo 6 ke nan a girki ɗaya. Kwantan shinkafa da wake kada a ba yara.

Ta yaya manya 6 za su iya da wannan duka? Ba su za su yi ba. A Agustan 1907, lokacin da Baden-Powell, Baturen da ya kafa sikawut, ya kai yara kusan 20 tsibirin Brownsea a kudancin Ingila, rukuni 4 ya raba su, kowanne da shugabansa daga cikin yaran, kuma har yau a kan wannan tsari sikawut ke tafiya. Ka raba naka rukuni 4 na yara takwas-takwas tun a makaranta, su gwada kafa tanti da hura wuta sau biyu ko uku. A sansani girki da ɗebo ruwa da itace da shara su riƙa zagayawa tsakanin rukunonin. Tuwon ranar farko zai yi gudaji, to a ci haka. Malamin da ya karɓe muciya daga hannun yaro ya hana shi darasin da aka fito dominsa. Aikin manya sa ido ne a kan wuta da gatari da wuƙa, da ƙirga yara safe da rana da dare. Yaro ba ya barin fili sai da abokin tafiya, babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, kuma makwancin manya daban ne.

Ka sa lokutan salla su zama ginshiƙin jadawali, a kashe fitila ƙarfe 9:30. Rana ta uku ko ta huɗu gajiya da kewar gida ke taruwa, sai faɗa da kuka. Ka sassauta wannan ranar, doguwar tafiyar ƙafa ta zo bayanta.

In aka ji tsawa, tanti ba mafaka ba ne, gindin bishiya ma haka. A shiga gini ko mota, a zauna har minti 30 bayan rugugin ƙarshe. Wanka a kududdufi ko dam a hana shi gaba ɗaya, saboda nutsewa da tsargiya. Da dare kowa da rufaffen takalmi da tocila, da safe a kakkaɓe takalmi saboda kunama. In maciji ya sari yaro, musamman kububuwa, kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti mai maganin dafi.

Kowane yaro ya zo da gidan sauro da takardar amincewar iyaye mai ɗauke da lambar waya da bayanin lafiyarsa, musamman mai sikila ko asma ko farfaɗiya, maganinsa kuma ya zauna a hannun babba ɗaya. Zazzaɓin cizon sauro yakan ɗauki kwana 10 zuwa 15 kafin ya bayyana, saboda haka cizon da aka samu a sansani a gida zai nuna kansa. Ranar sallama ka gaya wa iyaye cewa duk yaron da jikinsa ya yi zafi cikin makonnin da ke tafe a kai shi a gwada jininsa a ranar.