Amsar Wi-Fi ɗinka, da maganar zuwa Faransa

Ƙanena, saƙonka ya iso da buƙata biyu: ka sa Ubuntu, wato wani nau'in tsarin Linux mai tafiyar da kwamfuta, a kan tsohuwar HP da ka saya a Maradi, Wi-Fi ta ɓace, kuma kana so in nemo maka hanyar zuwa nan Faransa karatun kwamfuta. Bari in fara da wadda ke da magani.

Don Allah ka daina turo mini hoton murfin kwamfuta. Sunan HP bai gaya mini komai ba. Abin nema shi ne sunan ɗan guntun da ke kama Wi-Fi a cikinta. Buɗe taminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta rfkill list tukuna ka ga ko Wi-Fi ɗin a toshe take, don sau da yawa maɓalli ne kawai aka danne, mutum yana ta zagin Linux a banza. In ba a toshe take ba, rubuta lspci -nnk ka duba layin na'urar sadarwa. Na Intel yawanci da kansu suke tashi, direbansu iwlwifi, wato manhajar da ke sa guntun aiki, yana cikin tsarin. Amma ina kyautata zaton Broadcom za ka gani, su ne masu taurin kai a tsofaffin kwamfutoci irin taka.

Za ka ce da wace intanet za ka sauko da direba tunda Wi-Fi ɗin ce ta mutu. Jona wayarka da kebul na USB, ka kunna raba intanet ta kebul. Sannan ka sa broadcom-sta-dkms, ko firmware-b43-installer in guntun tsoho ne sosai kamar BCM4311. Ɗaya za ka sa, kada ka haɗa su, na farkon yana rufe wa na biyun hanya. In ka gama, ka sake kunnawa, har yanzu shiru, to Secure Boot, tsaron da ke tantance manhaja lokacin kunna kwamfuta, shi ne ya ƙi karɓar direban da ba shi da sa hannu. Shiga BIOS, wato saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, ka kashe shi.

In ka gaji ka ce adaftar USB za ka saya, buɗe ido. TP-Link TL-WN722N fitowar farko guntun Atheros AR9271 gare ta, tana aiki nan take. Ta biyu da ta uku Realtek ne a ciki, suna iri ɗaya, wahala daban. Mai shago ba zai gaya maka ba, shi ma bai sani ba.

Maganar tahowa kuwa, ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya fitar maka da biza ta bayan fage, kuɗin Baba zai cinye. Kuma ni ba na raba gurbin karatu, ko da yake a gida an ɗauka aljihuna cike yake da su.

Abin da ya fi yi mini ciwo da na zo ba sanyi ba ne, ba kuma wankin kwanonin da na yi da dare don kuɗin haya ba. A ɗakin gwaji aka miƙo mini kwamfuta da takarda, aka watse. Na tambayi na kusa da ni, ya nuna mini littafin bayani da yatsa, ya mayar da abin jin sautinsa kunne. Ni da na taso inda ko baƙo ya tambayi hanyar unguwar Ali Ɗan Sofo sai an raka shi har ƙofa! Na koma ɗaki na zauna da dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin tsarin, ina karanta kukan na'ura layi-layi har na iya. Yau sabobin wani kamfani, wato manyan kwamfutocinsu, ne a hannuna, kuma ba wanda ya ɗora ni.

Saboda haka ka kammala digirinka a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ka gyara Turancinka, don bayanan nan galibi da shi aka rubuta su, Faransanci kaɗai ba zai kai ka ba. Ka turo mini abin da lspci ya nuna a rubuce, ban da saƙon murya, a wurin aiki nake. Ka gaishe da Inna.