Amsa kan yawaitar jan baki a fadamun Haɗeja

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa tsuntsayen jan baki suka addabi manoman shinkafa a yankin Haɗeja fiye da zamanin iyayenmu. A ganina, sai an fara duba ruwa kafin a dubi tsuntsu.

A da, kogin Haɗeja yakan cika ya malala cikin fadamu da damina, ya janye da rani, ƙasa ta bushe, makiyaya su shigo da shanunsu. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, duk a kan kogunan da ke kawo wa kogin Haɗeja ruwa, sai ruwa ya riƙa gangarowa kaɗan-kaɗan duk shekara, kuma irin wannan ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa shi ne ciyawar kachala take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, har masunta a wajen Guri sai sun sare ta da adda kafin kwalekwale ya wuce. A cikin wannan duhuwa jan baki ke kwana, da asuba su taso kamar hadari su sauka kan shinkafar da ta fara nono, yara suna ta kaɗa gwangwani suna ihu a banza.