Wane nauyin harsashi ya dace da .223 Remington?

Malam, ka tambayi wane nauyi za ka ɗura wa bindigarka mai cin harsashin .223 don gwajin harbi a kan takarda a Amurka. Fara duba murɗin layukan cikin bututun bindigar, wato layukan da ke juya harsashi don ya tafi daidai. Idan juyi ɗaya ne a inci 12, tsaya tsakanin giren (ma'aunin nauyin harsashi) 40 zuwa 55. Juyi ɗaya a inci 9 yana riƙe har giren 69, amma giren 77 sai juyi ɗaya a inci 8 ko 7. Gaskiya tsawon harsashin ne ke kawo matsala, nauyi yana bin sa ne kawai. In ka ga ramin takardar ya fito a gicciye kamar ramin makulli, harsashin ya yi wa murɗin bututun tsawo. Awon albarushi kuwa, ɗauko shi daga littafin Hornady ko Sierra (kamfanonin ƙera harsashi), ka fara daga mafi ƙanƙanta.