Caja ce ke shanye wutar ɗakunan kwananmu?

Tambaya: Malam Injiniya, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a jami'a, kuma ni ce shugabar ɗalibai a ginin da muke kwana. Hukuma ta aiko da takarda cewa wutar da muke sha ta yi yawa. Na bi ɗaki-ɗaki ina roƙon kowa ta riƙa zare caja in ta gama, amma wata ya zagayo lissafin bai sauka ba. Ina matsalar take?

Amsa: 'Yata, sannu da ɗawainiya, Allah ya yi miki albarka. Sai dai caja ba ta da laifin da ake ɗora mata. Cajar zamani da aka bari a soket babu waya a jiki, abin da take ja bai kai rabin wat ba.

Ki nemi duk abin da ke yin zafi, nan wutar take tafiya. Butar lantarki takan ja wajen wat 2,000. Dutsen guga, rishon lantarki da hitar da ake tsomawa a bokiti, kowanne yakan kai wat 1,000 ko ya wuce. Wutar da buta ke sha cikin minti biyar ta isa a cika batirin waya kusan sau goma. To ki duba yadda ake amfani da su. Kofi ɗaya ake so, amma sai an cika buta fal. A tsoma hita a tafi hira, a dawo ruwa na tafarfasa, sai kuma an surka da ruwan sanyi kafin a iya wanka. Wannan ya fi komai ba ni takaici, domin an sha wutar, ba a mori zafin ba. Kuma don Allah kada a haɗa hita da dutsen guga a kan wayar jone ɗaya; wayar kan ɗau zafi, gobara daga nan take tashi.

Sai waɗanda ba sa jan da yawa amma ba a barinsu su huta. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 da aka bari tun takwas na safe har shida na yamma ya cinye fiye da rabin yunit, alhali kowa na aji. Ƙwan LED mai wat 9 haskensu ɗaya. Fanka ma jikin mutum take sanyayawa, ɗakin da babu kowa ba ta yi masa komai.

Tushen abin dai shi ne ɗalibi ba ya ganin mita, kuɗin wuta ya shige cikin kuɗin ɗaki tun farkon zango. A shekarar 2005 Kwalejin Oberlin da ke jihar Ohio a Amurka ta shirya gasar mako biyu tsakanin ɗakunan kwana, ana nuna wa ɗalibai abin da suke sha. Amfani da wuta ya ragu da kashi 32 cikin 100, gine-ginen da ke ganin lissafinsu nan take a intanet kuwa suka rage kashi 55.

Don haka ki roƙi hukuma ta ba ki damar karanta mitar gininku duk mako, ki liƙa adadin a bakin ƙofa kusa da na makon jiya. In maƙwabtan gininku za su yarda a yi gasa, ki gayyace su. Ki rubuto mini abin da mita ta nuna bayan wata ɗaya.