Kafin ka taɓa sukurun mai, yarona

Jiya muna wanke hannu ka ce mini: "Maigida, tunda mai Land Cruiser ɗin nan ƙarfi kawai yake nema, me ya hana mu ɗaura masa turbo, mu murɗa sukurun famfon gazuwal yadda ake yi a wasu garejoji, ya zo da la'asar ya ɗauki motarsa? Me ya kawo wannan yanke-yanken ƙarfe da awo?" Ban amsa maka ba saboda an kira magariba. To ga amsar.

Fara da sanin injin da ke gabanka. Wannan 1HZ ne, silinda 6, lita 4.2, ƙarfinsa wajen doki 130. Toyota ta fito da shi a 1990, kuma ba ta sa masa turbo ba, wato na'urar da hayaƙin inji ke juyawa ta tura ƙarin iska cikin silinda. A shekarar nan ta fito da ɗan'uwansa 1HD-T, girmansu ɗaya, shi kuwa da turbo ya zo, yana ba da doki sama da 160. Da a ce ɗaura turbo ne kaɗai bambancin, da kamfanin bai wahalar da kansa ba. 1HZ yana matse iska sau 22 da ɗoriya, ɗan'uwan an sauke nasa zuwa 18.6, aka canza masa fistin, aka canza yadda mai ke shiga. A namu nozul yana fesa gazuwal ne cikin wani ɗan ƙoƙo da ke jikin kan inji, wuta ta kama a can sannan ta feso kan fistin. Wannan ƙoƙon ba ya son zafi ya wuce kima. In ya wuce sai ya tsage, fistin ma ya bi shi. Ka ga fistin ɗin da ke rataye a bangon can mai tsaga daga baki zuwa tsakiya? Daga irin wannan injin ya fito, kuma ba tsufa ya kashe shi ba.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne wannan: a injin gazuwal, mai ne ke kawo ƙarfi, kuma shi ne ke kawo zafi. Iska ita ke sa man ya ƙone tas, ta kuma rage zafin. Kamar fitilar ƙwai ce, in ka ɗaga lagwani fiye da iskar da ke shiga, sai hayaƙi ya turnuƙe, ƙwan ya yi baƙi. Mai murɗa sukuru yana ƙara mai ne a makance. Motar za ta zabura, direba ya yi murna, baƙin hayaƙi na bin ta a baya, yara na tafi. Wannan hayaƙin gazuwal ne da aka saya da kuɗi bai ƙone ba, kuma alama ce cewa cikin silinda ya zama maƙera. Kada ka ɗauki wannan ka kai kan motar esans, can akasin haka ne: in mai ya yi kaɗan iska ta yi yawa shi ne fistin ke narkewa. Makanikai da yawa sun haɗa biyun sun yi ɓarna.

Shi ya sa abu na farko da na sa Alhaji mai motar ya saya ba turbo ba ne, agogo biyu ne: na zafin hayaƙi da na matsin iska. Ya yi ƙorafi, ya ce su ba sa ƙara gudu. Gaskiya ne. Amma in babu su, ni da shi duk tsammani muke yi. Za mu huda manifol, bututun da hayaƙi ke bi daga inji, mu sa bakin agogon zafi kafin turbo, don a bayan turbo hayaƙi ya riga ya huce da digiri 100 ko fiye, sai agogo ya yi maka ƙarya mai daɗi. Ƙa'idata a wannan injin, allurar zafi kada ta haura digiri 700, matsin iska kuma tsakanin bar 0.5 da 0.7. Wani zai ce maka ya kai bar 1 bai ga komai ba. Ka tambaye shi bayan damina.

Yanzu aikin ƙarfen, wanda kake gani kamar ɓata lokaci ne. Manifol ɗin nan shi ke tattara hayaƙin silinda shida ya kai wa turbo, kuma yana yin ja in ana aiki. Ƙarfe in ya yi zafi miƙewa yake. Mai tsawon wannan, in ya kai digiri 600, yana ƙaruwa da milimita 4 zuwa 5, alhali kan injin da aka ɗaure shi a kai ruwa na zagaya shi, da ƙyar yake motsi. Ɗaya na miƙewa, ɗaya na tsaye, dole wani abu ya ba da kai: ko walda ta tsage, ko ƙusa ta karye a cikin kan inji, ka kwana kana haƙo ta. Dalilin da ya sa na ce ka faɗaɗa ramukan ƙusa na bakin can da na bakin nan, na tsakiya kuwa ka bar su daidai, ke nan. Farantin manifol da ke manne da inji kaurinsa milimita 12, bututun kada ya kasa milimita 3. Bututun ruwa mai farin shafe da ka kawo daga kasuwa na mayar da shi ne don shafen nan in ya ji wutar walda hayaƙinsa guba ne, zai kwantar da kai da zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Wajen walda kuma, a kan mataccen kan injin can za mu ɗaure farantin da duk ƙusoshinsa, mu ɗiɗɗiga nan da can, mu bari ya huce, mu koma. In ka zuba wuta gefe ɗaya a jere, farantin zai lanƙwashe, gaskit ba zai taɓa riƙewa ba. In an gama a kai shi wajen masu injin gyaran fuska su daidaita shi. Sannan ka ɗauki tocila ka leƙa cikin kowane bututu, ka sa yatsa. Duk wani ƙurajen walda da ya maƙale a ciki ka kankare shi. Fankar turbo tana juyi sama da sau 100,000 a minti ɗaya, ɗan tsakuwar walda kamar ƙwayar gero in ta ɓalle ta isa ta cinye fukafukanta. Kuma kada nauyin turbo ya rataya a kan waldarmu, za mu yi masa madogari daga jikin inji, don hanyar Dakoro ba ta tausayin kowa.

Turbon da aka kawo daga Ƙofar Ruwa ta Kano, ka ga yadda na duba shi: na kama sandar fankar na girgiza. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi muddin fanka ba ta goga jikin gidanta, amma in tana shiga tana fita, a mayar wa mai shi.

Baƙin mai shi ne ran turbo, kuma a nan na fi ganin an yi aika-aika. Kowa na kula da bututun da ke kai mai, ba a kula da wanda ke dawo da shi. Na shiga siriri ne, famfo na tura shi. Na dawowa babu mai tura shi, gangarowa yake da kansa, kuma ya zama kumfa. Saboda haka ya zama mai faɗi, kamar milimita 19, ya sauko ba lanƙwasa, ya shiga kaskon mai sama da inda mai ke tsayawa. In ya shiga ƙasa, mai zai taru a cikin turbo ya tsallaka salansa, shuɗin hayaƙi ya fito, a ce turbo ya mutu alhali lafiyarsa lau. Kaskon kuwa kwance shi za ka yi kafin a huda, a yi walda, a wanke shi sarai. Wanda ya huda shi a jikin mota ya zuba wa injin garin ƙarfe da hannunsa.

Sai zafin garinmu. A watan Afrilu da Mayu rana na wuce digiri 40 a Maradi. Iskar da ta shiga turbo da wannan zafi, aka matse ta zuwa bar 0.7, tana fita sama da digiri 100. Iska mai zafi ba ta da nauyi, kuma zafin nata cikin silinda zai ƙare. Don haka intakula, wadda ke sanyaya iskar kafin ta shiga inji, a nan ba ado ba ce, ko da kana ganin hotunan motocin Turai da babu ita. Sai dai tana zama a gaban lagireto ta tare masa iska, shi ya sa na ce a fitar da lagireton a wanke shi ciki da waje, a duba fanka. Bututunta na alminiyon sai mai waldar argon, mu ba mu da ita, kuma ban ga abin kunya a kai masa ba. Ka tabbata ya yi wa bakin kowane bututu ɗan tudu, in ba haka ba roba za ta suɓuce a tsakiyar hanya. In mun haɗa, mu toshe, mu hura iska, mu shafa ruwan sabulu a kowace gaɓa.

Matatar iska ta asali za mu bari. Waccan buɗaɗɗiya mai ja da samari ke so saboda ƙara, ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta goge fukafukan turbo ta kuma cinye zoben fistin. Salansa za mu faɗaɗa zuwa inci 3. Kuloci zai iya fara sulɓi, na gaya wa Alhaji ya tanadi kuɗinsa. Birki kuma za mu buɗe ƙafa huɗun duka.

Bayan duk wannan ne za mu zo kan sukurun da ka tambaya. Famfon 1HD-T yana da wata ƴar hula a kansa da ke jin matsin iska, ta ƙara mai daidai gwargwado. Namu ba shi da ita, don haka duk abin da muka ƙara zai shiga tun turbo bai farka ba. Kaɗan-kaɗan za mu murɗa, kwatan zagaye ma ya yi yawa a tashi ɗaya. Mu loda buhunan gero, mu fita hanyar Ɗan Isa da tsakar rana, ni ina tuƙi, kai idonka a kan agogo kana faɗa mini lamba. Daga nan mu sauka cikin rairayi, don a can ne ake gane gaskiya: mota na tafiya a hankali, totur a ƙasa, iska ba ta bugun lagireto. In allura ta doshi 700, mu tsaya mu rage mai. In mun samu inda hayaƙi ya washe, zafi ya tsaya, sai in ɗaure notin in ɗiga masa fenti, don in wani ya taɓa in sani.

Direban Alhaji kuma kai za ka yi masa bayani, tunda tsaranka ne, zai fi jin naka. In ya dawo daga doguwar tafiya ya bar injin ya yi minti biyu yana aiki a tsaye kafin ya kashe, don kada man da ke cikin turbo ya ƙone ya daskare. Bidanji, wato canjin baƙin mai, kada ya wuce kilomita 5,000, kuma gazuwal daga gidan mai. Gobe in Allah ya kai mu ka zo da wuri, ka fara da kwance kaskon mai.