Tambayoyinku: Daga Legas Zuwa Tsaunin Obudu da Motar Kwana

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi bas Hiace tokumbo, kafinta ya cire kujerun baya ya sa mini gado, kabad, ɗan firji da wurin girki. Ina so in kai iyalina tsaunin Obudu mu yi kwana uku a cikinta, aminina kuma zai taso daga Kano mu haɗu a can. Anya motar za ta hau? Mai karatu daga Agege.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. In injin lafiya yake, za ta hau. Mu saukowar ce ta fi tsaya mana a rai, don a nan ne motar da aka ɗora wa gida ke cin amanar mai ita.

Wurin yana jihar Kuros Riba, tsayinsa ya haura mita 1,500, kuma kilomita 11 na ƙarshe hawa ne mai kwana wajen 20, wasu kamar an naɗe igiya. Don haka fara da nauyi. A jikin ƙofar direba akwai ɗan allo da ya nuna iyakar nauyin da aka yarje wa motar, da mutane da kaya duka. Ruwa lita 100 kilo 100 ne cif. Batir mai amfiya 100 ya kusa kilo 30, tukunyar gas mai kilo 12.5 in ta cika ta haura kilo 25, ga katakon gado da kabad. Ka loda ta yadda za ka tafi, ka kai ta sikelin manyan motoci a auna. Kaya masu nauyi a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Abin da aka ɗora a kan rufi shi ke sa mota tangaɗi a kwana.

Sai birki. Man birki yana shan danshi daga iska, Legas kuwa danshi ba a magana. Sabon man birki nau'in DOT 4 sai zafi ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa a wajen 155 ya fara. Idan ka ɗora ƙafa a birki tun daga sama kana ja a hankali, farantin birki ya yi jawur, man ya tafasa ya yi kumfa, sai ka taka ka ji feda ta nutse har ƙasa mota ba ta tsaya ba. In man ya shekara 2, a zuke shi duka a zuba sabo, ba ciko ba. Bakanike ya cire tayoyi ya duba kaurin takalmin birki da idonsa, kuma in za ka sayo a kasuwar kayan mota ta Ladipo, tafi da tsohon a hannu a gwada.

Wajen saukowa, giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko: ta 2, wurin da ya yi tsanani ta 1. In otomatik ce, ka mayar da ita 2 ko L tun kafin gangaren ya fara. Injin ne zai riƙe motar. In gudu ya kai 30, taka birki sosai ya dawo 20, ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya ya sha iska. Kada ka cire giya don tattalin mai, kada kuma ka kashe injin, domin da ya mutu birki da sitiyari duk za su yi tauri. Da ka ji ƙauri ko feda ta yi laushi, nemi wuri mai faɗi ka tsaya, sa waigi, ka ba shi minti 30. Ban da watsa ruwa, faranti mai zafi lanƙwashewa yake yi.

A hawan kuma, iskar sama ba ta da kauri, injin da ba shi da turbo yana rasa wajen kashi 15 cikin 100 na ƙarfinsa a wannan tsayi, don haka kada ka zargi motar. Kashe esi, idonka a kan allurar zafi. In ta fara hawa, buɗe tagogi ka kunna hita har ƙarshe, tana jan zafi daga injin. Murfin lagireto ba a buɗe shi sai injin ya huce. Fanbel ɗaya da jarkar ruwa lita 10 su zauna a mota.

Tafiyar ta kwana 2 ce: Ore, Benin, ka kwana Asaba, washegari Anacha, Inugu, Abakaliki, Ogoja, garin Obudu. Kada tsallaka Kudu maso Gabas ya faɗo ranar Litinin, saboda zaman gida na dole da aka riƙa yi a wasu garuruwan tun 2021, kuma ban da tafiyar dare. Aminin naka zai biyo Lafiya, Makurɗi, Gboko, Vandeikya. Ku haɗu a cikin garin Obudu, ba a sama ba: ku sa wuri da lokaci tun daga gida, don sabis yana ɗaukewa a tsakanin duwatsu. A nan za ku cika tanki, ku hau tare da rana tsaka kafin hazo ya rufe hanya. Ka kira masu kula da wurin tun kafin ka bar Legas, ka nemi izinin kwana a mota da inda za a ba ka ka ajiye ta. Tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi, damina a can ba ta wasa.

Tambaya: Maigida ya ce akwai sanyi a saman, ni kuma da goyo. Zan iya shiga da kurfoti cikin motar da dare? Wata uwargida daga Idi-Araba.

Amsa: Hajiya, don girman Allah kada ki yi. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. A rufaffiyar mota tana fara da ciwon kai da jiri, mai barci kuwa ba ya farkawa, jariri kuma shi take fara kamawa. Haka risho, haka barin injin yana aiki kuna barci, haka janareta a gindin taga. Janareta ya yi nesa da mota aƙalla mita 6, bakin hayaƙinsa na kallon wani gefen.

Ɗumi daga ƙasa ake nemansa. Shimfiɗa bargo ƙarƙashin katifa, don ƙarfen mota ke zuƙe zafin jiki, sannan safa da hula. Ki bar tagogi biyu a buɗe kamar faɗin yatsa biyu, in ba haka ba numfashinku zai zama raɓa ya jiƙa shimfiɗa. Girki a waje. In an gama, a rufe gas daga kan tukunyar, don gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, daidai inda yara ke barci. Ki kuma ƙara wa shinkafa da wake lokaci, a can ruwa tun a digiri 95 yake tafasa.

Tambaya: Batir ɗaya zai riƙe firji kwana uku? Mai karatu daga Mile 12.

Amsa: Ba zai riƙe ba, Malam. Batir na ruwa mai amfiya 100 rabinsa kawai ake ci, in ka wuce haka yana saurin lalacewa, ƙaramin firji kuwa yana cin wajen 30 zuwa 40 a yini. Ka ƙara faranti na sola mai wat 200, kuma ka raba batirin gida da na tayar da injin, don kada gari ya waye ka murɗa makulli ka ji shiru a saman dutse.