Amsa ga mai son ƙera manhajar wasa domin yara masu galahanga

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambayi ta inda za ka fara ƙera manhajar da za ta taimaki yara masu lalurar galahanga, wato otizim, su saba cuɗanya da tsararrakinsu. Na daɗe ina koyar da irin waɗannan yara, don haka zan faɗa maka abin da na gani da idona.

Da farko na ba kowane yaro kwamfutar hannu tasa. Aji ya yi tsit, iyaye suka ji daɗi, amma kowa ya duƙufa kan allonsa, babu mai ɗaga kai ya kula na kusa da shi. Abin da ya sauya mini tunani shi ne tsarin wasan Lego, wato ƙananan guntayen roba da ake harhaɗawa a yi gini, da masanin halayyar ɗan'adam Daniel LeGoff ya wallafa a Amurka a 2004, inda ake raba wa yara uku aiki: ɗaya ya riƙe zane yana bayani, na biyu ya nemo guntayen, na uku ya harhaɗa su. Babu wanda zai iya kammala ginin shi kaɗai, saboda haka magana takan zo ne domin ana buƙatarta. Masu bincike a Italiya da Isra'ila sun bi irin wannan hanya a kan teburin DiamondTouch, wani tebur mai allon taɓawa da ke gane wanda ya taɓa shi, suka tsara wasan da guntun hoto ba ya motsawa sai yara biyu sun ja shi tare.

Shawarata ita ce ka gina wasanka a kan allo ɗaya da yara biyu za su zauna a gabansa, wanda ma ya dace da gidajenmu, inda waya ɗaya ke zagaya 'yan'uwa. Ka sa alama bayyananniya mai nuna wanda layi ya zo kansa, domin jira ba tare da sanin ƙarshensa ba yana tayar wa yawancinsu hankali ƙwarai. Ka bar wa malami damar rage sauti da haske, kada kuma ka ba da maki don yaro ya kalli idon wani. Na ga yaran da ke sauraro da kyau alhali suna kallon gefe.

Kafin ka rubuta komai, ka nemi izinin iyaye ka gwada wasan da kwali da murafen kwalba, ka haɗa da yaya ko ƙanen da ba shi da lalurar, domin shi ma yana buƙatar koyon haƙurin jiran amsar ɗan'uwansa.